Liyafar Tsaye a Kalgo

Ƙanena ya dawo daga Sifaniya da akwati biyu. Ɗaya cike yake da siraran bututan roba na ban ruwa, irin masu ɗiga wa kowace shuka rabonta a gindi. A ɗayan akwai tufafi, da kwalbar zaitun, da wasu 'yan faranta goma sha biyu da aka naɗe da tsohuwar jarida, kowanne bai fi tafin hannu ba. Inna ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ce ai kuwa an manto kofunan. Ya ce ba na shayi ba ne, na tapas ne. A ranar na fara jin kalmar, kuma aka yi wata biyu ban yini ban ji ta ba.

Shekara shida ya yi can yana aikin tumatir da tattasai a cikin rumfunan leda. Ban raina wannan ba. Ya tafi da hannun ɗan makaranta, ya dawo da kanta a tafi, kuma idan yana bayanin yadda ake auna wa shuka ruwa, ko ni da ban taɓa riƙe fartanya da gaske ba nakan tsaya in saurara. Sai dai ba ya daɗewa a kan ruwa. Duk inda hira ta faro, a kan faranti take ƙarewa.

Ga yadda ya bayyana abin. Idan rana ta yi sanyi, sai mutanen garin da ya zauna su fito, su shiga wani shago su tsaya gaban kanta. A miƙo musu abin sha da ɗan faranti: zaitun huɗu, ko yankan wainar ƙwai da dankali, ko ƙananan kifaye biyu. Su ci a tsaye suna surutu, su yar da takardar goge baki a ƙasa, su fita, su shiga shagon gaba a sake ba su wani. Haka har shago huɗu ko biyar. Ni na yi shekaru a gidan rediyo ina fassara labaran duniya, aikina shi ne in ɗauko abin da aka yi a nesa in faɗe shi da Hausar da manomi zai gane. Saboda haka na fassara masa: mutum ya bar gidansa da tukunya a kan wuta, ya yi yawon ɗanɗane a mashaya har ƙafa ta gaji, ya koma bai ƙoshi ba.

"Yaya, ba ka gane ba," in ji shi. "Ba cin ne abin ba, haɗuwar ce."

"Ai mu ma muna haɗuwa. A zaune."

"Kuma ni lemo kawai nake sha. Su ma fa suna da kunun aya, wallahi irin namu sak."

"Ka ƙetare teku ka gano kunun aya. Allah ya sa an ba ka takardar shaida."

Sau ɗaya ya faɗi abin da ya sa na rage masa tsokana. Ya ce a garin da ya yi aiki, daga rumfar leda sai ɗakin da suke kwana su shida, ba mai kallon fuskarsa. Wani tsoho mai shago ne kaɗai, idan ya shiga, yake tura masa farantin dankali ba tare da ya tambaya ba, ya kuma matsar da shi can ƙarshen kanta, nesa da cinyoyin alade da ke rataye, don ya lura ba ya son tsayuwa ƙarƙashinsu. Na gane wannan. Abin da ban gane ba shi ne yadda mutum zai ɗauko maganin kaɗaicinsa na ƙasar wasu ya ce zai shayar da garin da kowa ya san kakansa.

Da a hira abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Akwai fadama a Dangoma, gadon kakanmu da ba a raba ba, kuma tana hannun Baffa, yayan mahaifinmu, da ke Gwandu. Tun rasuwar mahaifinmu wani mutumin Dangoma ke noma ta da izinin Baffa, albasa da rani, shinkafa da damina. Don wannan fadamar ƙanena ya dawo. Don ita ya ɗauko bututan. Ba shi da wani aiki, ba shi da niyyar komawa, kuma ruwa ya fara janyewa. Idan ba a ba shi ita kafin a zuba irin albasa ba, ranin ya wuce shi. Ya je Gwandu ya roƙa. Baffa ya saurare shi har ƙarshe, ya ce zai zo Kalgo ranar kasuwa ya gaida Inna, ya ga yaron a gidansu, sannan ya yanke magana.

Sai in faɗi wane ne Baffa. Shi ake ɗaukowa idan an yi gardamar iyakar gona daga Gwandu har Kambaza, shi ake sa wa gaba wajen ɗaurin aure da rabon gado, domin idan ya ce ya gani, maganar ta ƙare. Irinsu sun taso da karatun da ke cewa mai ci a kasuwa ya rage wa kansa mutunci, har alƙali na iya ƙin karɓar shaidarsa. Na yi shekara uku a gidansa lokacin ina makaranta, ban taɓa ganin yana tauna ba. Ana kai masa akushi a zaure, a saki asabari, a tafi. Ko goro sai ya zauna yake ɓarawa.

Inna ta fara shiri tun saura kwana uku. Ta sa aka kamo zabi biyu, ta fito da shinkafar tuwo, ta aika a nemo man shanu mai kyau. Ƙanena ya same ta a tsakar gida ya ce ta dakata.

"Inna, tuwo kullum yana ci a Gwandu. Ni so nake ya ga na zo da sabon abu. In ya ga yadda na tsara wannan, zai san zan iya tsara gona."

"Mi za ka ba shi?"

"Tapas. Zan zagaya da shi wuri biyar."

"Zagaye? Baffan naka? Da ƙahwa?"

"Ba nisa, Inna. Daga tasha zuwa bakin kasuwa."

Inna ta dube ni. Na ce masa Baffa ba ya ci a waje. Na faɗa sau ɗaya, a sarari, kamar yadda ake karanta sanarwa. Ya ce ai don ba a taɓa gayyatarsa yadda ya kamata ba ne, kuma a can har alƙalai da limaman coci a tsaye suke ci. Ban maimaita ba. Wanda ya kai shekara talatin da ɗoriya, aka haife shi a gidan da aka haife ni, bai kamata a karanta masa labarin Baffa sau biyu ba. Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ya kwashi farantansa ya rarraba wa mutum biyar: mai suyar kifi ta bakin tasha, mai shayin da ya yini yana koya wa soya ƙwai da dankali, mai tsire, mai kilishi, da matar da ke kunun aya. Ya bar wa kowannensu faranti biyu ko uku da tsinken sakace, da umarnin yawan abin da za a zuba. Kafin magariba duk Kalgo ta san za a ciyar da Malamin Gwandu a bakin titi da farantin wasan yara.

Baffa ya iso bayan azahar. Na san bai ci komai ba tun koko na safe, domin haka yake yi idan zai je gidan da za a yi masa girki, don kada ya kunyata mai tukunya. Ya sauko daga mota da farar riga da rawani da sandarsa, muka durƙusa muka gaishe shi. Ina jira a ce mu nufi gida, sai ƙanena ya miƙe ya buɗe hannuwa kamar mai gabatar da shiri.

"Baffa, yau ni ne mai masaukinka. Bismillah, nan za mu fara."

Nan ɗin kasko ne a kan murhu, taku goma daga inda motoci ke lodi. Mai kifin dattijuwa ce, ta san Baffa tun tana amarya. Tana ganinsa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta gaishe shi tana kallon ƙasa, sannan ta juya ga ƙanena da murya ƙasa ƙasa.

"Alhaji, wai da gaske guda biyu zan sa? Malam ne hwa."

"Biyu. Haka ake yi."

"To ni dai ba hannuna. Ga kihi nan cike da tire, in an ce in naɗe duka a kai gida, sai in naɗe."

Ya zaɓi biyu da kansa, ya soka musu tsinke, ya ɗora zaitun ɗaya a gefe, ya miƙa. Baffa ya mayar da sanda hannun hagu, ya karɓa da dama. Ya dubi farantin, ya dubi titi, inda 'yan kamasho suka daina kiran fasinja suna kallo.

"Madalla," in ji shi. "Mi a wanga baƙin?"

"Zaitun ne, Baffa. Daga can na zo da shi."

"Mun san shi a karatu. Ashe haka yake."

Bai kai hannu ba. Ƙanena ya ɗauki nasa farantin ya fara ci don ya nuna yadda ake yi, yana magana da kifi a baki, yana bayanin cewa a can ba a zama domin zama yana kashe hira. Da ya gama ya yar da tsinken a ƙasa da gangan, ya ce shagon da ƙasansa ya fi datti shi ne ya fi kasuwa. Baffa ya bi tsinken da ido har ya faɗi.

"Baffa bai son kifi," ƙanena ya raɗa mini. "Na gaba zai burge shi."

Muka taka zuwa wurin mai shayi, Baffa na riƙe da faranti a gabansa kamar wanda aka ba ajiya. Mai shayin ya ga Malam ya yi maza ya share benci da hannun rigarsa. Ƙanena ya ce a'a, a mayar da benci. Aka yanko wainar ƙwai mai kusurwa uku aka ɗora a faranti na biyu. Baffa ya juyo ya miƙo mini na kifin ba tare da ya dube ni ba, ya karɓi sabon, ya sake cewa madalla. Mutane suna wucewa suna durƙusawa, yana amsa gaisuwa da faranti a hannu. Wani tsoho ya gaishe shi, ya dubi ƙwan, ya dube mu, ya tafi yana girgiza kai.

Hanyar zuwa wurin mai tsire ta ƙofar gidanmu ta bi. Inna ba ta saurari kowa ba, ta yi girkinta. An share zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma da buzu a kai, ga buta, ga langa uku a jere an rufe da faifai. Ƙamshin man shanu da zabuwa har titi. Baffa ya rage tafiya. Na ce, "Mu shiga Baffa ya huta, ya gaisa da Inna."

"Sai mun gama zagaye, Yaya. Saura uku. In ya ci tuwo yanzu ai an ɓata tsarin."

Baffa ya tsaya daidai ƙofar, ya jira. Gidan ƙaninsa ne, da ya ga dama ya sa kai ba mai cewa don me. Amma an riga an faɗa masa a tasha wane ne mai masaukinsa yau, kuma irinsa ba ya shiga inda mai masauki bai ce bismillah ba. Ya ba yaron lokacin da zai ishe shi ya gane. Ƙanena yana can gaba yana ɗaga wa mai tsire hannu. Baffa ya gyara riƙon sandarsa ya bi shi.

A wurin mai tsire mutumin Dangoma ya bayyana, wanda ke noma fadamar. Ya ce kasuwa ya zo sayen taki. Wataƙila haka ne. Ni dai na lura rigarsa wankakkiya ce, ba ta mai ɗaukar buhu ba, kuma tun daga tasha nake hango hularsa a bayanmu. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zube a gaban Baffa.

"Allah gafarta Malam! Kai ne tsaye cikin hayaƙi? Lahiya? Ba a sauke ka ba?"

"Ana kan saukewa," in ji Baffa.

Mutumin ya dubi farantin ƙwai a hannun Baffa, ya dubi na kifi a hannuna, ya dubi yanka uku na tsire da ƙanena ke jerawa a na uku. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi.

"Subhanallahi. Malam, gidan ƙanena ga shi nan bayan masallaci. Ba wani abu a ciki, tuwon jiya ne da ɗan nono, amma akwai inuwa, akwai tabarma. Don Allah ka taho ka sa haƙarƙarinka ƙasa, la'asar ta kusa."

"Malam baƙona ne," in ji ƙanena. "Muna cikin tapas ne."

"Cikin mi?"

"Wani tsarin cin abinci ne na Sifaniya."

"To Alhaji, in kun ƙare tsarin sai ku zo ku ɗauke shi. Ni dai ba ni iya wucewa in bar Malam a rana."

Baffa ya miƙo mini faranti na biyu. Ya ce wa ƙanena, a hankali, "Allah shi yi albarka, ɗana. Na ga abin da ka shirya." Ya bi mutumin Dangoma, shi kuma yana gaba yana kore masa awaki daga hanya.

Tuwon jiya da aka ce, daga baya na ji sabon tuƙi ne, da miyar kaza, an kuma kai shi zaure an saki labule an bar Malam shi kaɗai. Wanda ya zo sayen taki ba ya sa a yanka kaza tun hantsi a gidan ƙanensa. Ban ga laifinsa sosai ba. Ya ji abin da duk gari ya ji, ya san Baffa kamar yadda kowa ya san shi, ya yi abin da kowane mai hankali zai yi. Mutum ɗaya ne a Kalgo bai san yadda ranar za ta ƙare ba, kuma shi ya tsara ta.

Muka tsaya gaban mai tsire, ni da faranti biyu, shi da ɗaya. Mai tsiren ya tambaya ko ya mayar da naman kan wuta. Mai kilishi da mai kunun aya suna can suna jira, ba wanda ya je ya sallame su.

Bayan la'asar Baffa ya zo gida ya gaida Inna. Ya zauna a kan buzun da aka shimfiɗa masa, langa uku na gefensa. Inna daga bayan ƙofa ta ce ga ɗan abinci nan. Ya ce alhamdu lillahi, an riga an ciyar da shi. Ya sha ruwa don kada a ce bai taɓa komai ba, ya yi addu'a ga mamaci, ya koma Gwandu kafin rana ta faɗi. Zabin nan mu muka ci su da ɗumame washegari.

Kwana uku bayan haka Baffa ya kira ni a waya, ba ƙanena ba.

"Kai mai rediyo, ka iya isar da saƙo. Ka hwaɗa mishi hwadama tana nan inda take bana."

Na ce Baffa, yaron ya iya aikin ruwa, na ga kayan da idona.

"Ban ce bai iya ba. Amma hwadama ba ruwa kaɗai ba ce. Akwai maƙwabcin da za ka raba kwarin ruwa da shi, akwai mai shanun da za ka lallasa, akwai dattijon da za ka tsugunna wa in iyaka ta motsa. Na tsaya mishi a ƙohwar gidan ubanshi, bai gani ba. Wanda bai ga wannan ba, mi zai gani a Dangoma? Ya tahi ya yi rani guda ƙarƙashin mutumin nan. In ya so."

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba, ban rage ba. Ƙanena ya yi kwana biyu bai fito ba. A na uku ya ɗauki fartanya ya hau mashin zuwa Dangoma, domin ba shi da wani wurin zuwa. Mutumin ya karɓe shi da fara'a, ya ba shi fangali biyu a can ƙarshen gona inda ruwa ke isa a makare, ya ce ya gwada robobinsa a nan. Sauran bututan suna ƙarƙashin gadon Inna cikin akwatinsu. Ranin ya wuce, albasar fadama ta shiga buhunan wani.

Farantan, bakwai ne suka dawo gida. Inna tana zuba wa 'yan tsaki tsaba a biyu, ɗaya na gishiri ne, sauran ban san inda suka shiga ba. Kwanan baya na je Kalgo na tarar da ƙanena ya dawo daga gona, yana zaune a zaure yana cin tuwo, laka har gwiwa. Muka yi hirar albasa, da farashin taki, da ko Baffa zai sake duba maganar in an yi kaka. Har na fara tsammanin ya gane. Da zan tashi sai ya ce ya daɗe yana tunanin ranar nan, kuma yanzu ya gano inda kuskuren yake.

Na koma na zauna.

"Da kifi muka fara," in ji shi. "Da kilishi ya kamata a fara."